Abin da ya taɓa ƙwaƙwalwar Yaya ba jifa ba ne

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina so in rubuta wannan labarin amma duk sanda na ɗauko waya sai in kasa, in rubuta layi biyu in goge. Yanzu dai Yaya da kansa ne yace in rubuta, shi da matarsa, sharaɗinsu ɗaya ne kar in saka suna kar kuma in faɗi layin da muke. To ba zan saka ba. Mu 'yan Zangon Kumasi ne, can wajen Aboabo, ni ɗinki nake yi, kuma ni ce ƙarama a ɗakinmu shi yasa kowa Auta yake kirana har shi Yayan.

Yaya mai gyaran wayarin mota ne a Suame Magazin. Wanda ya san Magazin ya san ba ƙaramin wuri ba ne, gari ne guda na ƙarafa da baƙin mai, masu gyara ba sa ƙirguwa, amma duk da haka in motar mutum ta ƙi tashi ko fitila tana masa wasa akwai masu cewa a kai wa Bahaushen nan. Mutum ne da zai zura hannu ƙarƙashin dashbod ko leƙawa bai yi ba, da yatsa kawai zai lalubo wayar da ta ƙone. Shi ya riƙe gidanmu tun rasuwar Baba, shi ya biya mini kuɗin koyon ɗinki, ranar da aka yaye ni ya sauke mini keke a ƙofar gida. Na faɗi wannan ne dan ku san irin hannun da nake magana a kai.

Abin ya fara ne ƙarshen hunturu, shekara uku kenan. Kullum kafin ya wuce aiki sai ya biyo ya gaida Mma ya sha koko da ƙosai a ƙofar ɗakinta. Ranar ina zaune ina saka maɓalli a wata riga sai naji kofi ya faɗi, koko ya zube masa a wando. Ya tsaya yana kallon hannunsa na dama kamar ba nasa ba, yace "Auta, kwana biyun nan hannun nan nauyi yake mini." Mma tace gajiya ce, wa ya aike ka aiki har dare. Aka wuce wurin. Bayan kamar sati biyu na ga ya bugi bakin ƙofar zaure da kafaɗar dama, ƙofar da yake wucewa tun yana rarrafe, washegari ya sake bugunta a daidai wurin. In an sa masa tuwo sai ya cinye gefen hagu na kwanon ya bar nama a dama, kace masa ga nama nan sai ya juyo da kansa gaba ɗaya kafin ya gani. Daga nan magana ta fara sarƙewa. Yana so yace a miƙo masa sufana sai yace cokali, kuma ya san ba shi yake nufi ba, sai ya yi tsaki ya yi shiru. Babban yaron shagonsa ya zo ya same ni a ɓoye yace sista, masta fa jiya ya haɗa waya a karkace har fis ya ƙone, abin da tunda nake bai taɓa yi ba, yanzu mu muke bin bayansa muna gyarawa kar kwastoma su gane.

Abin da ya ruɗe mu shine ba zazzaɓi, ba ciwon kai, ba amai, abinci kuma yana ci. Aka je kemis aka auna jininsa bai hau ba. Aka je wani ƙaramin asibiti suka ba shi maganin maleriya da na taifot, suka ce wataƙila ɗan ƙaramin shanyewar ɓarin jiki ne ya huta. Amma mu mun ga shanyewar jiki a kan Baba, lokaci ɗaya ta kayar da shi yana alwala. Wannan kuwa kamar gara yake ci, yau yatsu, sati mai zuwa ƙafa ta fara ja, wani satin ya manta sunan 'yarsa.

To kun san Zango. Mutum lafiyayye mai sana'a a hannu, ba ciwo ba komai yana lalacewa a tsaye, me za a ce in ba jifa ba? Dama ya taɓa samun saɓani da wani a kan filin shago, nan take aka ce shi ne. Aka shiga neman taimako. Rubutu, hayaƙi, turare, ruƙiyya, sadakar rago, wani malami har daga arewa aka ɗauko shi. Ni da kaina nake ɗauko rubutun a galan in dinga ba shi a baki, kuma da zuciya ɗaya nake yi dan na yarda jifa ne. Ban raina addu'a ba har gobe, ita ta riƙe mu. Abin da yake ci mini rai shine sati bakwai muka yi a haka, a duk satin nan ana cin wani wuri a kansa wanda ba zai dawo ba.

Da aka ga ba sauƙi sai yatsa ya juyo kan matarsa, wadda nake kira Anti. Laifinta shine ba ta shiga maganar jifa, kullum abu ɗaya take maimaitawa, a kai shi babban asibiti, a kai shi babban asibiti. Kuma duk sanda ta faɗa sai Yaya ya zare mata ido. 'Yan uwan Mma suka ce kun gani, tsoronta yake ji, ita ta ba shi wani abu a abinci. Ranar da Gwaggo ta faɗa mata a gaban mutane ta tattara kayanta ta koma gidan ubanta tunda ta gama da shi, Anti ba ta ce uffan ba, ta ci gaba da wanke masa ƙafa.

Daren ranar wajen sha ɗaya, an ɗauke wuta, ina shago ina ƙarasa ɗinkin wata amarya da fitilar caji sai naji ana ƙwanƙwasawa. Ita ce, da hijabi har ƙasa ta rungumo wani abu a ciki. Ta tura ƙofa ta ajiye gwangwanin Milo a kan teburin yanka ta buɗe. Robobin magani ne a ciki duk an ɓare takardar jikinsu, da katin asibiti guda biyu a naɗe cikin leda. Tace "Auta, ya sa na dafa Alƙur'ani ba zan faɗa wa kowa ba. Amma in na ci gaba da yin shiru a hannunmu zai mutu. Gara in yi kaffara."

Wajen awon cikin yaronsu na biyu aka gwada ta aka ce tana da ƙwayar HIV, aka kira shi shi ma aka samu. Shekara takwas kenan a lokacin. Ita tun ranar ta kama magani ba ta taɓa fashi ba, aka ba jaririn nasa na ruwa, yaran duka biyu an gwada su ba su da komai. Shi ma ya fara sha, har wani gari yake tafiya karɓa dan kar a gan shi, ya yi shekaru a haka lafiya lau. Sai wata rana ya shiga layi ya hango wani ɗan masallacinmu a kan benci. Bai ma tsaya ya yi tunanin shi ma mutumin abin da ya kawo shi kenan ba, ya juya ya hau mota ya dawo. Bai sake komawa ba. Daga baya wani mai tallan maganin gargajiya a cikin mota ya sayar masa da kwalabe wai suna wanke jini tas, shi kuma yana jin ƙarfinsa sai ya yarda ya warke. Ta haska mini katinsa da fitila, ranar ƙarshe da aka rubuta ta haura shekara uku. Tace kin tuna bara da ananse ya fito masa a haƙarƙari, ƙurajen nan masu ruwa masu zafi kamar wuta da suka yi masa ɗamara a gefe ɗaya? Na tuna, har ganye muka daka muka shafa masa muna tsoron kar ya zagaye jiki. Tace tun lokacin na san sojojin jikinsa masu kare shi daga cuta sun ƙare dan an faɗa mana a asibiti, na yi kuka na yi roƙo yace lafiyarsa ƙalau.

Wallahi ba cutar ce ta fara zuwa raina ba. Wata rana ce ta faɗo mini, a wannan shagon, muna hirar wata baiwar Allah da ta rasu a unguwa, ana cewa kabari kusa ne ya kashe ta, ni da bakina nace ai ni ko awon riga ba zan yi wa irinsu ba. Anti tana zaune a wurin, ita take riƙe mini da tef. Shekara da shekaru tana jin irin wannan a bakinmu tana haɗiyewa, mu ne kuma muka zo muna ce mata mayya. Na rungume ta muka yi ta kuka, ban iya ce mata komai ba.

Da asuba ban yi shawara da kowa ba na kira mota. Nace wa Mma Gee za mu, wato asibitin koyarwa na Komfo Anokye, haka duk Kumasi ake kiransa. Yaya ya ƙi tashi, ya kalli Anti ya kalle ni, sai ya gane. Hawaye suka fara bin fuskarsa. Na durƙusa a gabansa nace "Yaya na sani, kuma kai ne dai Yayana. Dan Allah tashi mu tafi." Da ni da babban yaron shagonsa muka ɗaga shi.

Da Anti ta miƙa wa likita katin nan guda biyu sai aiki ya canza gaba ɗaya, shi yasa nake cewa ɓoye wa likita gaskiya kamar ka kai mota gareji ne ka ƙi buɗe bonet. Aka ɗebi jini aka ƙirga sojojin jiki da suke kira CD4. Likitan yace na mai lafiya yana kamawa daga 500 zuwa sama, in ya sauka ƙasa da 200 to ƙofar gida a buɗe take kowane ɓarawo zai iya shiga. Na Yaya 38 ne. Yace a irin wannan halin abubuwa da yawa suna iya taɓa ƙwaƙwalwa kuma kowanne da maganinsa daban, akwai wata ƙwaya da ake kira tokso, akwai wani naman gwari mai suna kiriptokokus da yake zuwa da matsanancin ciwon kai, akwai tarin fuka da yake hawa kai, akwai wani nau'in ciwon daji, sannan akwai ƙwayoyin bairos, dan haka sai an tantance. Bayan an ɗauki hoton kansa suka ce za a ɗebi ruwan ƙashin baya. Gabana ya faɗi, dan a Zango cewa ake duk wanda aka ɗebar wa ruwan baya ya gama tafiya. Likitan ya kwatanta mini a bayansa shi kansa, yace allurar ƙasa da inda lakar ta ƙare take shiga, ba ta taɓa ta. Ni na riƙe wa Yaya gwiwoyi ya duƙunƙune a gefe ɗaya, ina kallo ruwan yana ɗiga cikin ƙananan kwalabe, fari tas kamar ruwan famfo. Ba abin da ya same shi, ɗan ciwon kai ne kawai na kwana biyu.

Hoton MRI ne ya nuna abin. Kuɗinsa mu muka haɗa, na ɗauki adashina na ƙara da zannuwa uku da na sayar, yaran shago ma suka turo nasu ta MoMo, wato kuɗin waya, ba wanda ya roƙe su. Likitan ya juyo mana da kwamfuta. A gefen hagu na ƙwaƙwalwar akwai wasu fararen tabo yashe-yashe, ni dai abin da suka tuna mini shine inda bilic ya ɗiga a baƙin yadi. Yace gefen hagu shi yake juya dama na jiki kuma yawancin mutane a nan magana take, shi yasa hannun dama da ƙafar dama da ganin dama da harshe suka tafi tare. Da Twi yake bayanin yana haɗawa da Turanci. Sai ya tambayi sana'ar Yaya, da aka faɗa masa ya jawo kujera ya zauna daf da shi yace to masta kai ka fi ni sanin wannan. Jijiyoyin cikin kai wayoyi ne, kowace da robarta a jiki. Akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu kenan yin robar. Wannan bairos ɗin su take kashewa, wayar ba ta tsinke ba amma ta zama tsirara, saƙo ya taso ba ya isa inda aka aike shi. Yaya da ya yi kwanaki bai haɗa kalma biyu ba ya buɗe baki da ƙyar yace "shot." Likitan yace shi ne, shot ne masta.

Sunan ciwon PML, ƙwayar da take kawo shi kuma JC. Yace hoton da yadda abin ya taho a hankali ba zazzaɓi, da kuma sauran gwaje-gwajen da ba su nuna komai ba, duk shi suke nunawa. Abin da ya fi ba ni mamaki shine wai ba daga wani wuri Yaya ya kwaso ta ba, rabin manyan mutane ko fiye suna ɗauke da ita tun suna yara, tana kwance a ƙoda ba ta cutar da kowa muddin garkuwar jiki tana tsaye. Yace wataƙila ni ma ina da ita, wataƙila ke ma. Sai ya faɗi mai ɗacin, babu maganin da yake kashe ta kai tsaye, sojojin jikin mutum ne kaɗai suke iya danne ta, dan haka magani ɗaya ne, a dawo da sojojin. Kuma bai ɓoye mana ba, yace wasu ba sa tsallakewa, waɗanda suka tsallake ma abin da ya riga ya ƙone ba lallai ya dawo ba.

Dararen da na yi a kan tabarma a wajen ɗakin marasa lafiya, waya nake ta latsawa ina karantawa. Nan na ga cewa a 1971 aka fara gano ƙwayar a jami'ar Wiskonsin ta Amurka, a ƙwaƙwalwar wani mutum mai ciwon daji na kaluluwa, haruffan farko na sunansa ne ma JC ɗin. Wato ba ciwon masu HIV kaɗai ba ne, duk wanda garkuwarsa ta faɗi yana iya gamuwa da shi, mai ciwon dajin jini, wanda aka yi wa dashen ƙoda yana shan maganin danne garkuwa, da masu shan wasu magunguna masu ƙarfi na dogon lokaci. Na kuma ga cewa kafin a samu haɗin magungunan HIV masu ƙarfi a 1996 yawancin masu PML watanni kaɗan suke yi. Da na karanta wannan na kashe wayar na tashi na yi alwala.

Gadon da yake kusa da na Yaya wani dattijo ne da ake yi wa maganin ciwon daji. Shi ananse ne ya fito masa a goshi, kwana uku tsakani sai zazzaɓi mai zafi da sambatu, bai gane 'ya'yansa ba. A nan na san cewa ananse ƙwayar ƙarambau ce da muka yi muna yara, ba ta barin jiki, laɓewa take a jijiya ta jira garkuwa ta yi rauni, kuma tana iya hawa har ƙwaƙwalwa. Amma ita tana da magani, asaikulobir, ta ƙarin ruwa ake sa masa duk bayan awa takwas har sama da sati biyu, ana ta ƙara masa ruwa dan kar ƙoda ta wahala. 'Ya'yansa a daren da ya fara sambatu suka kawo shi. Da ƙafarsa ya koma gida. 'Yarsa da muke raba tabarma tace mini tamu da gudu ta zo shi yasa muka ruga, taku rarrafe ta yi ta yaudare ku. Yaya kuma an duba masa cikin ido saboda wata bairos ɗin mai suna CMV da take makantar da mutum in sojoji sun yi ƙasa da 50, Allah ya taimake mu ba ta taɓa shi ba, rashin ganin gefen dama daga cikin kai ne ba daga idon ba.

Da aka tabbatar ba kiriptokokus ba tarin fuka a kai, dan su in akwai su ana ɗan jinkirta maganin, sai aka mayar da shi kan maganin HIV. Ƙwaya ɗaya ce tak a rana, TLD, da Septrin na kariya. Kyauta ake bayar da na HIV ɗin, kuma tun 2016 a Ghana duk wanda aka samu da ƙwayar ana ɗora shi a kai ba sai an jira sojojinsa sun sauka ba. Na riƙe robar a hannuna ina juyawa, wai wannan 'yar ƙwayar ce Yaya ya gudu ya bari saboda idon mutum ɗaya a kan benci.

Aka sallame mu, muna murna. Sati na biyar da fara magani sai jiki ya rikice fiye da da. Ƙafar ta daina ɗaguwa sam, maganar da ta rage ta ɗauke, wata rana da la'asar ya kama jijjiga har ya ciji harshe. Mma, wadda har lokacin ba ta san maganin mene ne ba, ta ɗauke robar ta ɓoye tace maganin Nasara ne zai ƙarasa mata ɗa. Ranar ce rana ta farko da na ɗaga wa mahaifiyata murya, har yau in na tuna sai na nemi gafara, amma na san in aka tsayar da maganin nan shikenan. Dama likita ya gargaɗe mu, yace wani lokaci in sojoji suka fara dawowa suka tarar da ɓarawo a ɗaki faɗan da za a yi sai ya fasa kaya, wurin ya kumbura, suna kiran abin IRIS, yace in kun ga haka ku dawo da gudu kuma kar ku daina ba shi. Muka koma. Aka sa shi a kan sitiroyid dan kumburin ya sauka da maganin jijjiga, aka ci gaba da TLD ɗin ko kwana ɗaya ba a tsallake ba. Sati biyu muka ƙara yi.

A wannan kwanciyar ce Yaya ya faɗa wa Mma da kansa. Ya yi mana alama mu matso da ita, ya daɗe yana kokawa da harshensa, kalmomin suna fitowa ɗaya-ɗaya. "Mma. Ba ita ba. Ni ne. Na bar magani." Anti ta ƙarasa bayanin kanta a ƙasa. Mma ta yi shiru har na zaci ba ta gane ba, can sai tace to wa ya kawo wa wani a cikinku? Wata nas mai ba da shawara tana wurin, 'yar Zango ce tana jin Hausa, tace "Hajiya, wannan tambayar ba za ta ƙara masa soja ko ɗaya ba. Wannan yarinyar da kike gani ita ta ceto miki jikoki biyu, ita ta kawo miki ɗanki nan." Mma ba ta sake tambaya ba. Da muka dawo gida ta fara ware masa kwano da kofi, na zaunar da ita nace Mma ba a ɗauka ta kwano, ba ta gaisuwa, ba ta sauro, shekara nawa muna ci tare. Ba ta amsa ni ba. Bayan kwana biyu na shigo na tarar ta sa hannu a kwanonsa suna cin tuwo, tana juya masa gefen naman zuwa hagu. Daren kuma ta ɗauki turmin atamfa biyu ta je ƙofar ɗakin Anti ta zauna a dokin ƙofa tace "'yata ki yafe mini, na ci haƙƙinki." Gwaggo da sauran dangi har yau shanyewar jiki suka sani, wannan kuma Yaya ne yake da ikon faɗa ba ni ba.

Sauƙin a hankali ya zo kamar yadda ciwon ya zo. Farko dai abin ya tsaya, ya daina ci gaba, wanda likita yace shi ne babbar nasara. Muka shiga zuwa fisiyo, a gida kuma Anti ta cika roba da wake da tsakuwa yana tsincewa da yatsu, yana matsa ƙwallon yara, yana bin bango daga ɗaki zuwa zaure. Wani abin ikon Allah, lokacin da ba ya iya cewa a ba shi ruwa, in aka tayar da sallah Fatiha tas take fita a bakinsa, mai koya masa magana tace abin da mutum ya haddace tun yarinta yakan fi sauƙin fitowa, sai muka dinga farawa da ƙananan surori kafin a shiga sunayen kayan aiki. Bayan wata takwas aka auna yawan ƙwayar HIV a jininsa aka ce ta yi ƙasa har na'ura ba ta ganinta. Sojojin sun fi shekara kafin su haura 200.

Amma ba zan yi muku ƙarya ba, Yaya bai dawo yadda yake ba. Da sanda yake tafiya yana jan ƙafa, hannun daman nan da ya ciyar da mu a lanƙwashe yake, gefen dama har yau ba ya gani dan haka tuƙi ya ƙare. Kullum ina lissafin sati bakwai ɗin nan, da shekara ukun da suka gabace su. Ni ban ga laifin ƙwayar cuta ba kamar yadda na ga laifin bakinmu, dan da ba ma yi wa masu wannan lalurar irin maganar da muke yi da Yaya ya zauna a kan bencin nan ya gaisa da ɗan masallacinsu kowa ya karɓi nasa. Dan Allah in naka ya fara yar da abu daga hannu ɗaya, ko bugun ƙofa, ko musanya kalmomi, ko halinsa ya canza ba dalili, ko da ba zazzaɓi, ka kai shi babban asibiti a satin, ka tafi da addu'arka da rubutunka a jaka ba wanda zai hana ka. In kuma kai ne ka ajiye maganinka saboda kunya kana jin ƙarfinka, Yaya ma yana jin ƙarfinsa har ranar da kofi ya faɗi. Ka koma, za su karɓe ka.

Yanzu sau uku a sati pragya, keken haya mai ƙafa uku, take kai shi Magazin. Yaran sun ajiye masa tsohuwar kujerar mota a inuwa. Satin da ya wuce na biya ta wurin zan sayo zare a kasuwar Kejetia, na tarar sun sha wahala da wata trotro, ƙaramar bas ta haya, tun safe, suka zaro damin wayoyin suka ɗora masa a cinya. Ya rufe ido yana bi da hannun hagu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan wata shuɗiya yace "wannan." Aka feɗe tef ɗin sai ga ta a ƙone.

Da dare kuma Mma ce mai tsaron agogo. Ba ta iya karatun boko ba amma ta sa na saita mata ƙararrawa a wayarta. Tara na bugawa za ka ji ta daga ɗakinta, "ku biyun, kun sha?" Kuma ba ta kwanciya sai ta ji an amsa mata murya biyu.